Kawu, Ka Tafi Ka Bar Ni a Bayan Allo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Kawuna, ƙanen Mama, wanda yara suka sani da Mai Zane. A teburin aikinsa aka same shi, tawada ba ta bushe a yatsunsa ba. Shi ne mai littattafan zanen nan na ban tsoro da 'yan ƙaramar sakandare ke ɓoyewa a cikin littafin lissafi.

Kawu, kowa ya yabe ka. Ni ma zan faɗi alherinka, amma ba a nan zan tsaya ba.

A ƙarƙashin teburinka na koyi karatu. In baƙi sun zo gidanmu, can nake gudu in ɓuya, ba ka taɓa tona ni ba. Kai kake ba ni buroshi in cike maka baƙin duhu a shafi. In mun zo inda dodo zai fito, sai ka rufe shi da tafin hannunka, ka ce, "Uwata, kin shirya, ko mu bar shi ya ƙara barci?"

Sai ka fitar da Yarinyar Bayan Allo, labarin fatalwar da ke leƙen 'yan aji ba ta magana. Ka ba ta wushiryata. Ka ba ta tabon girata. Har yadda nake tauna bakin hannun rigata in an yi mini tambaya, ka zana. Ba ka tambaye ni ba.

A makon da na shiga sabuwar makaranta littafin ya fito. Ban yi ƙawa ko ɗaya ba tukuna, aka riga aka san fuskata. In na shiga aji sai a watse da ihu, ana dariya. Wata ta ce, "Bayan Allo, yau wa za ki cinye?" Har yau babu mai zama kusa da ni. Da na zo maka ina kuka, dariya ka yi, ka ce na yi suna, wata rana zan gode maka. Ban gode ba, Kawu.

A zaman makoki ma ban tsira ba. Masu karanta littattafanka sun zo gaisuwa suna nuna ni da baki. Shi kuwa mai buga littattafanka, ko addu'a bai gama shafawa ba ya matso kusa da Mama, wai ya sami wani da zai ƙarasa kashi na biyu, hotunana kawai yake so. Ya dube ni ya ce, "Ai ga tauraruwar tamu nan."

Ni da ko gaisuwa sai an matsa mini, na ji bakina ya ce, "Fuskata ce. Ban ba ka ba." Sai mutumin ya nemi takalmansa. Mama ta ce maganar ta mutu ke nan, ba za a ƙarasa littafin ba. Masu jira su yi ta jira.

Da mutane suka ragu, Mama ta riƙe hannuna, idonta jawur, ta ce, "Ki yafe wa ƙanena, kada a tsare shi a kanki." Na so in ƙi. Amma na san yadda tsoro yake a wurin da mutum ba shi da kowa, ba na so maka shi. Na yafe maka, Kawu. Haushinka dai ina ji har yanzu, kuma ba ka nan balle in faɗa maka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa kada ka ga abin tsoro a cikinsa. Allah ya ba Kaka da Mama da matarka Anti haƙurin rashinka, ya raya jaririyar da ka bari, ya sa ta shiga aji babu wanda ya riga ya san fuskarta.