Yatsun Yaya da Man Giya

Yayanmu da yatsu biyu yake gane mai. Sai ya tsoma manuniya a bakin galan, ya murza da babban yatsa, ya raba su a hankali yana kallon yadda man ke zarewa, har da lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. In ya yi kauri ya ce, "Yawwa, wannan shi ne mai." In bai yi ba ya ja tsaki ya ce ruwa ne. Iyakar iliminsa ke nan a kan mota, wallahi, amma je ka ji shi a majalisar ƙofar gidanmu a Funtua, sai ka rantse shi ya ƙera ta.

Motar ta Baba ce, Allah Ya jiƙansa. Tsohuwar fowil ce, irin mai jan ƙafa huɗu, fentinta ya koɗe amma ba ta san laka ba. Da aka zo rabon gado aka bar ta ba a raba ba, saboda Inna. Ƙauyensu Inna can bayan Maska yake, kuma in damina ta zauna babu motar da ke shiga sai irin wannan. Gwiwoyin Inna kuwa sun daɗe da ƙin babur. Yayarta, wadda muke kira Iya, ita kaɗai ta rage mata a ɗakinsu, a can take zaune. To, makulli sai ya koma hannun babba, kamar yadda aka saba a gidanmu.

Baba galan biyu yake ajiyewa a bayan ƙofar zaure, ɗaya ya ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Mai ƙyallen na giyabos ne, mai lamba huɗu a jikinsa, ba shi da kauri sosai. Ɗayan mai lamba biyar na aksil ne, wato tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, da 'yar'uwarta ta gaba. Ko makaho zai bambance su, don na aksil wari yake kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Baba ya sha gaya mana cewa farar wuta ce a cikinsa ke wannan warin, haƙoran aksil suna sonta don da ƙarfi suke gugar juna, amma a cikin giyabos na tsofaffin motoci akwai zobban tagulla masu taimaka wa giya ta shiga lafiya, kuma wannan man cinye su yake a hankali. Duk muna tsugune yake faɗa, har da Yaya. Shi dai a lokacin hankalinsa na kan wanda zai riƙe sitiyari.

Yana karɓar makulli ya mai da galan mai ƙyalle na zuba kalanzir. Ya samo wani mai sayar da mai a duro wajen da masu tifa da tarakta ke tsayawa, irin man nan mai kaurin gaske da ake aunawa da gwangwani, ba suna ba lamba, sai warin da ke shaida na aksil ne. Shi ya ɗura wa giyabos, shi ya ɗura wa aksil gaba da baya, har da ƙaramar giyar da ke haɗa ƙafa huɗu. Wai tsohuwar mota tsohon mutum ce, abu mai nauyi take so.

Na ce, "Yaya, ai wannan na aksil ne. Ba ka ji warin ba?"

Ya ce, "Mai ai mai ne. Masu sayarwa ne suka raba shi don su ci da ku."

"Baba fa ba haka yake yi ba."

"Baba ya yi zamaninsa. Kai da ka fi ni sani, taɓa ka ji." Ya miƙo mini yatsun nan nasa har hanci.

Sau ɗaya na ari motar zan kwaso waken suya daga gonarmu ta hanyar Malumfashi, na tsaya wajen bakanike na sa aka juye man, aka zuba na ƙwarai. Giya ta koma shiga sumul. Yaya na hawa ya ji hannunsa bai sha wahala ba, sai ya tsargu. Ya kwanta ƙarƙashinta ya kwance, ya murza, ya fito yana faɗa wai na zuba wa motar uban kowa ruwa. A ranar ya zubar da shi a kwata ya mai da nasa. Daga nan makullin ya koma aljihun 'yar cikinsa, ko hanya ba ya bari in haɗa da shi.

Sannu a hankali giya ta fara kuka. Da safe sai ya sa hannu biyu kafin ta shiga. Daga ta ɗaya zuwa ta biyu ƙarrr, har maƙwabta sun gane fitarsa. Daga baya ta fara tofo ta biyun a kan gangare. Duk wanda ya yi magana sai Yaya ya ce ƙarfi ne ya yi mata yawa. Ƙarfi! Kai, jama'a.

Ana tsakiyar damina, masara ta fitar da goyo, aka bugo waya da hantsi cewa Iya jiki ya yi tsanani, tana ta kiran Inna. Muka ɗora Inna a gaba, ni ina baya, Yaya na tuƙi. Mun wuce Maska, mun bar kwalta, har mun kai rafin da ke gaban ƙauyen. Ya shiga ruwan lafiya. Wajen hawa gaɓa giya ta tofo, motar ta fara komawa baya. Maimakon ya taka birki ya natsu, sai ya dafe sandar giyar da hannu biyu ya danna da ƙarfin tsiya. Muka ji ƙas! Shi ke nan. Inji na ta gurnani, taya ko motsi.

Daga inda muke ana hango rufin kwanon masallacinsu. Inna carbi kawai take ja tana kallon wajen. Na tuɓe takalmi na bi cikin laka neman amalanke, masu shanu kuwa duk suna gona. Kafin in samo, a ɗaura, a ɗauko ta, la'asar ta yi. Muna shiga ƙauyen muka haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta.

A zaman makoki ina ji da kunnena Yaya na gaya wa mutane ajali ne, kuma mota ta tsufa. Ajali gaskiya ne, ban musa ba, ko da jirgi muka zo Iya ba za ta ƙara numfashi ɗaya ba. Amma da Inna ta riƙe hannunta. Wannan kam ba na yarda a jingina wa ƙaddara abin da aka auno da gwangwani.

Bayan an share makoki tarakta ta jawo motar har ƙofar gida. Bakanike ya kwance giyabos ya tara tsohon kwano. Man ya zubo baƙi ƙirin, sai ƙyalli yake a rana, garin tagulla ne fal a ciki, zobban nan da Baba ke faɗa sun narke sun zama ƙura. Yaya ya tsuguna, ya tsoma manuniya, ya murza, ya ɗaga wa mutanen majalisa.

"Kun gani ko? Har yanzu da kaurinsa."

Ashe Inna ta fito zaure, tana dafe da bango. Ta dubi yatsun nan suna walƙiya, ta daɗe tana dubansu. Sannan ta juyo, ni ta kalla.

Ta ce, "In masu sayen gwangwan sun zo, ku ba su motar. Ba ni da sauran wanda zan je gani a can."