Lotsewar Motar Baba Salihu

Ban taɓa mantawa da wata Alhamis ta shekarar 2016 ba, ina samkari, wato mai buga jikin mota, a wata warsha, wato gareji, a unguwar Rusaifa. Duk shekara masu tsofaffin motoci da babura sukan nemi izini su jera su a fili, jama'a su zo kallo, su taimaka wa 'yan agajin gaggawa. Kowace mota da akwatinta na gudummawa.

Ranar aka kawo mana tsohuwar motar ɗaukar marasa lafiya ta Baba Salihu, Bakano da ya tsufa a wannan tuƙi. Maigidana ya ce, "Ka wanke ka goge kawai, bas." Ni kuwa sai na hango lotsewa kamar kwano a ƙofar baya. Hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na buge ta, na fesa fenti, na zauna jiran yabo.

Da Baba ya zo, ya shafa wurin. Sai ya ce, "Ɗana, ina tabona?"

Ashe shekaru da yawa baya wata ambaliya ce ta maka motar da katanga, da mace mai naƙuda a ciki, ya fitar da ita ta haihu lafiya. Wannan tabon yake nuna wa 'yan kallo, shi ke cika akwatinsa. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, "Baba, in ɗauko guduma in mayar?"

Ya yi dariya har da ƙwalla. "Aikin ruwa guduma ba ta iyawa. Kalas, shi ke nan, ran Asabar a filin kallo kusa da ni za ka tsaya."

Haka na wuni a fili yana nuna ni: "Nan tabon yake, ga gwanin da ya cinye shi!" Ana dariya ana zubawa a akwati. Da la'asar wani ɗan agaji ya sauko daga babur, ya sumbaci kan Baba, ya shafa ƙofar. Shi ne jaririn nan.

Ya dube ni ya ce, "Ma'alesh, ba komai, Kawu. Tabon ya tafi, amma ga ni."

Wallahi sai da na share hawaye. Tun ranar ba na ɗaga guduma sai na tambayi mai mota, "Wannan lotsewar, a gyara ta ko a bar maka?"