Ranar da Muka Kai Kaka Fadar Sarakunan Faransa

Duk lokacin da masu shara suka goge katakon ofishinmu da man nan mai ƙanshin kakin zuma, sai in ajiye abin da nake yi. Irin ƙanshin da na shaƙa ke nan a fadar tsofaffin sarakunan Faransa ina 'yar shekara goma sha biyu, hannun Kaka a kan kafaɗata.

A unguwar Sih ta Madina na tashi, a gidan da Kaka, mahaifin Abba, yake da ɗaki a ƙasa kusa da ƙofa. Mutumin Damagaram ne. Yana yaro Faransawa suka ɗebi mahaifinsa aikin tilas na hanya, bai dawo ba, kuma ba wanda ya zo ya ce ga kabarinsa. Uwarsa ta riƙo hannunsa suka yo gabas a ƙasa, ta Cadi da Sudan, har Allah ya kawo su Madina. Bai cika ba da wannan labari ba, amma ko turaren Faransa ba ya yarda a fesa masa.

A wata bazara mai tsananin zafi idonsa ya fara rufewa. Likitocin mustashfa, wato asibiti, suka ce ciwon ya wuce yanar ido, ya taɓa can ciki, in ba a yi aiki da wuri ba zai makance. Abba mai haɗa magunguna ne, ya bincika ya samo ƙwararren likita a Paris. An sha fama kafin Kaka ya amince, sai da limamin unguwa ya sa baki. Ni aka zaɓa in bi su don in riƙa yi masa jagora.

Likitan ya duba shi, ya sa ranar aiki. Ana gobe za a yi, Abba ya ga tsohon ya shiga damuwa, sai ya ce mu hau jirgin ƙasa mu je kallon fada a bayan gari, ko hankalinsa ya kwanta. Niyya ce mai kyau, kuma har yau ina ganin ita ce kuskure mafi girma da gidanmu ya taɓa yi.

Tun daga ƙofar mai ruwan zinariya Kaka ya ja ya tsaya. Ya yi sallama da ƙarfi, ya saurara. Ba wanda ya amsa. Ya sake yi.

"Baba, ba kowa a ciki," in ji Abba. "Gidan kallo ne yanzu."

"Gidan sarki ba kowa, kuma ƙofa a buɗe? To, wa ya yi mana izini?"

Da kyar ya shiga. Ya nemi cire takalmi, Abba ya hana shi. Muka bi ayarin baƙi ɗaki bayan ɗaki, ina faɗa masa abin da idonsa bai kai ba: fitilun ƙarau masu reto, zanen mutane rabi tsirara a saman rufi, doguwar barandar da aka jera wa madubai har mutum ya ga kansa ta ko'ina. Ya matse mini kafaɗa.

"Amarya," haka yake kirana da wasan jika, amma ran nan ba dariya a muryarsa, "duba mini da kyau. Wa ke bayan maduban nan yana ƙirga mu?"

Sai muka iso ɗakin kwanan matar sarki. Gado ne babba mai labule, maza da mata sun yi cincirindo suna ɗaukarsa hoto. Kaka ya tambayi inda muke, na gaya masa. Nan take ya juya wa gadon baya, ya ce Abba ya tambayi mai yi mana bayani ina masu gidan suke. Abba mutum ne da ba ya rage magana ko ya ƙara. Ya fassara masa daidai: talakawa ne suka shigo har nan suka fitar da sarkin da matarsa, daga baya aka sare musu kai a bainar jama'a.

"Mutanensu?"

"Mutanensu, Baba."

Daga nan muka fito lambu. Can ya zauna bakin wani tafki, ya ɗebi ruwa ya shafa a fuska, sannan ya yi magana a hankali.

"Sun yanka sarkinsu, sun buɗe ɗakin matarsa kowane bare yana leƙawa. Nasu ke nan. Ni da ba nasu ba, su zan kwanta wa gobe, su sa ni barci, su ɗora mini wuƙa a ido? Halas, magana ta ƙare. Ka mai da ni Madina."

Abba ya roƙa, ya yi bayani cewa abin ya daɗe ƙwarai, likitan bai ma san kakannin waɗanda suka yi ba. Har hawaye na ga Abba ya yi a jirgin komawa. Kaka bai motsa ba. Muka dawo da idon yadda muka tafi da shi, kafin azumi ya zagayo ya rufe gaba ɗaya. Ya rayu shekaru bayan haka, yana zuwa Harami da sanda da ɗaya daga cikinmu, kuma ban taɓa jin ya yi nadama ba.

Yau aikina adana bayanan marasa lafiya ne a wani asibiti a unguwar Aƙiƙ, nan Madina. Jikokin gidanmu suna zuwa Turai hutu, ka yi musu Hausa su amsa da Larabci, ba abin da suke tsoro a can. Na yi musu murna. Amma idan tsoho ya ƙi aiki na ji ƙaramin likita ya ce jahilci ne, raina yakan ɓaci, in tashi daga kujerata in same shi. Nakan ce masa ya koma ya zauna, ya tambayi tsohon abin da aka taɓa yi wa gidansu, kafin ya rubuta komai.