Taswirar bulog ɗina ta jawo mana masu sayen masa

Jama'a, yau gidana ya koma rumfar masa!

Jiya na rubuta a bulog ɗina cewa duk Abuja babu masar da ta kai ta wata Hajiya a Jikwoyi. Na ce bari in gwada saka taswira, ashe gidana ta nuna, ba rumfarta ba!

Da safe sai sallama. Mutum uku riƙe da kuloli! Ɗaya ya ce, "Oga, tun daga Kubwa muke fa, masa ta fito?"

Ina cikin ba su haƙuri matata ta leƙo, ashe ta kwana da ƙullu. Ta ce, "Ku zauna, yanzun nan!" Wallahi ta ɗora tanda!

Na jawo kwamfuta zan gyara, ta harare ni: "Baban Ummi, ka taɓa taswirar nan, ka nemi inda za ka ci abincin rana."