Kazar Mama a gurbin injin Fijo

Ranar da muka gama haɗa injin dizal na tsohuwar Fijon Baba a tsakar gidanmu na Zuru, bayana kamar ba nawa ba. Tun damina muke fama. Mun sa sabon fistin da ringi, mun sauya famfon mai, don ta iya jan lodin dawa zuwa Mahuta.

Muka ɗaga bonet za mu mayar da inji, sai ga kazar Mama tana kwanci a gurbinsa.

Baba ya ce, "Maman Yohana, zo ki ɗauke kazarki."

Ta ce, "Motarka wata da watanni me ta haifa? Bari mai haihuwa ta gama."

Baba ya zauna kan taya. Dawar nan jaki ya kai ta.

A gidanku wa zai ci wannan shari'a, inji ko kaza?