Rijiyar da Ta Shekara Bakwai Ana Kan Yi

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da darbejiya ta tona mana asiri ba.

Lokacin ina akawu a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma a ƙasar Daura. Duk wata uku nake buga rahoto, kowane aiki a nuna matsayinsa da Turanci: an gama, an yi watsi, ko "ongoing", wato ana kan yi, ba a tsaya ba. Ogana, wani injiniya mai tumbi, ya haramta mini ta tsakiyar. "Malam Sabi'u, mu nan ba ma watsi da aiki. In dai an sari ƙasa sau ɗaya, ongoing ne har tashin ƙiyama."

Haka rijiyar wani ƙauye can bayan garin Babban Mutum ta shekara bakwai a takardata. Gaba biyu aka haƙa aka watse. Matan ƙauyen kuwa sai sun sha tafiya kafin su samo ruwa.

Kwatsam aka ce jami'i zai zo daga Katsina duba ayyuka. A ƙa'idarsu, aikin da aka ce ana kan yi dole a tarar da mutum yana yi. Oga ya ce in kwashi mahaƙa biyu da sassafe in zuba su a ramin. In aka samu matsala, ni na buga, ni zan sha kora.

Muna isa na saki salati. Darbejiya ce ta tsiro a tsakiyar ramin ta zama bishiya, har da tabarma a inuwarta! Mai unguwa, Baba Ɗanjuma, ya hana a sare ta. "Haba ɗana, ita kaɗai muka samu daga aikinku."

Baƙo ya iso, ga mahaƙana a ƙasa suna ƙwaƙular saiwa. Ya dubi takarda, ya dubi bishiya, ya ce in fassara wa mai unguwa abin da muka rubuta. Na fassara.

"Ai gaskiya suka rubuta, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Bishiya ba ta tsaya ba, matanmu ma ba su tsaya da zuwa rafi ba. Rijiyar ce dai take hutawa."

Baƙo bai yi dariya ba. Ya ce, "Akawu, yaushe rabon a haƙa?"

Na waiga. Oga sai ƙifta mini ido yake. Wallahi kunyar tsohon nan ce ta fi ƙarfin tsorona. Na ce, "Ranka ya daɗe, tun kafin bishiyar nan ta tsiro."

Takardar gargaɗi na sha, Oga ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwata. Amma kafin damina an haƙa sabuwa a gefe, aka bar musu inuwarsu.

Bara na bi ta can, Baba ya miƙo mini ruwan sabuwar rijiyar a kwano yana murmushi: "Ɗana, ya aiki? Ana kan yi?" Na shanye tas.

Ku masu buga rahoto yanzu, takarda ba ta jin ƙishirwa. Kafin ku rubuta kalmar nan, ku je ku leƙa ramin.