Gwangwanin Kawu da Awakin Umma

Kawuna mutum ne da bai iya ɗaukar aiki da wasa ba. Lokacin da yake masinja a makarantar firamare, ko alli aka aike shi ya kawo sai ya riƙo shi da hannu biyu. Da ya yi ritaya sai zaman gida ya fara cinsa. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya shiga kicin yana koya wa matarsa jera kwanuka. Shi ya sa ranar da wani kamfanin inshora ya zo neman wanda zai riƙa duba ma'aunin ruwan sama, matar tasa ce ta fara tura shi gaba.

Tsarin a baki mai sauƙi ne. Manomi ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa kafin shuka, idan damina ta gaza kamfani ya biya shi. Sai dai ba gonarka za su zo su duba ba, abin da ma'auni ya faɗa shi ne magana. Ma'aunin kuwa wani dogon gwangwani ne mai mazurari a ka. Suka kafa shi a kan turke a tsakiyar gidan Kawu, inda ba bishiya ba rufi. Kullum da safe sai ya juye ruwan a wata kwalba mai zane-zane, ya kanne ido ɗaya, ya tura lambar ta waya. Tun daga nan aka daina ce masa Masinja, ya koma Mai Gwangwani, shi kuma yana amsawa har da gyara hula.

A gidan muke zaune, ni da Umma, ƙanwarsa, tun rasuwar mahaifina. Abin da Umma ta mallaka a duniya bai wuce gonar masara da awakinta ba. Awakin nan ba su da kunya ko ta sisin kwabo, musamman wata ja mai karyayyen ƙaho da muke kira Shugaba. Kawu ne ya shawo kan Umma ta shiga inshorar. Ta ce ita ba ta gane yadda za a yi ciniki da ruwan sama ba. Ya ce mata, "Auta, kimiyya ba ta ƙarya." Ya faɗa wa maƙwabta haka, da yawansu kuma suka shiga saboda shi.

Shugaba ta gano turken nan yana da daɗin susa. Ba sau ɗaya ba Kawu ya fito ya tarar da gwangwaninsa kwance a ƙasa, ita kuma tana tsaye a gefe tana tuƙa kamar ba ita ba. Abin da kowa zai yi shi ne ya ce a ɗaure awaki. Kawu bai ce ba. Da asuba ya tuge turken, ya kai shi lungun da ke jikin ɗakin ajiya, inda awaki ba sa shiga. Bai sanar da kamfani ba, don a ganinsa ruwa ruwa ne, ko ina ya sauka.

Daminar ta zo da rowa. Hadari ya haɗu ya yi baƙi, ya ɗan yayyafa, ya watse. Masara ta kai gwiwa ta tsaya, ganyenta ya nannaɗe. Amma gwangwanin Kawu kullum da abinsa. Shi ma yakan yi mamaki, ya dubi ƙasar da ko laima ba ta riƙe ba, ya dubi kwalbar, sai ya tura lambar. Da kaka ta yi, saƙo ya shigo wayoyin mutane cewa ruwan bana ya kai yadda ake buƙata, don haka babu biya. Ni kam na zagi kamfanin nan har sai da muryata ta dishe. Kawu yana kare su, yana cewa abin da aka auna shi aka auna.

Umma ba ta zagi kowa ba. Ta fara sayar da awaki ɗaya bayan ɗaya tana sayo hatsi. Shugaba ce ta ƙarshe, kuma sai da aka ja ta da ƙyar. Umma ta share garken tas, ta naɗe igiyoyin ta rataye a ƙusa.

Bayan an gama girbin abin da ba a samu ba, sai ga ruwa ya sauko wata rana da la'asar, irin wanda ba ya amfanin kowa. Ina kwashe shanya, Kawu yana zaune a bakin ɗakin ajiya yana ɗinkin buhu. Na ga ya saki allurar. Iska ce take kaɗa ruwan indararon ɗakin, tana zuba shi kai tsaye cikin mazurarin. Ya tashi ya ɗauko wani gwangwani mai faɗin baki irin na ma'aunin, ya ajiye a tsakar gida, ya tsaya a kansa ruwa yana dukansa. Da aka ɗauke, na tsakar gida da ƙyar gindinsa ya jiƙe. Na lungu kuwa har yana motsi in an girgiza.

Daga ranar abinci ya daina shigarsa. Matarsa ta ba shi shawara ya ja bakinsa ya yi shiru: damina ta wuce, awaki sun tafi, mutane kuma ba za su yafe ba. Ni ma raina ya kasu biyu. Haushinsa nake ji kamar in yi ihu, amma in na gan shi zaune ya zuba wa lungun nan ido, sai tausayi ya kama ni, in rasa inda zan sa kaina.

Bai ja bakin ba. Ya kira kamfani ya faɗi abin da ya yi. Wata ma'aikaciya ta zo ta auna tsakanin bango da turke, ta ɗauki hotuna, ta ce za su gwada lambobinsa da na ma'aunan garuruwan kusa da abin da tauraron ɗan Adam ya gani, amma ba ta yi alkawarin komai ba. Daga nan ya bi gidajen waɗanda suka shiga saboda shi, yana cire hula yana bayani. Wasu suka ce ƙaddara ce. Wasu har yau in ya yi musu sallama sai su dubi gefe.

Mutum ɗaya ya kasa tunkara, ita ce ƙanwarsa da suke kwana gida ɗaya. Idan Umma ta fito, sai ya tuna yana da aiki a waje. Ta riga ta ji labarin a bakin duniya, amma ta ƙyale shi, tana aika masa da abinci ana dawo da shi.

Ranar da ya mayar da turken tsakar gida, ta fito ta tsaya tana kallonsa yana danna ƙasa da ƙafa. Ya fara magana, maganar ta ƙi fitowa daidai.

"Na ji, Yaya," in ji ta. "Abu ɗaya nake son sani. Me ya hana ka ce in ɗaure su?"

Ya amsa kansa a sunkuye. "Ban so ki ji kamar ba gidanki ba ne, Auta."

Umma ta nuna ƙusar da haɓarta. "Ga igiyoyin can, tun da ma ina da su. Da ka faɗa, da na ɗaure."

Ta koma ciki ta zubo masa abinci da hannunta, ta zauna a gabansa har sai da ya ci. Yana ci hawaye na zuba a kwanon, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Har yanzu kamfani bai ce uffan ba. Kawu yana nan yana fitowa da safe da kwalbarsa, sai dai ya daina cewa kimiyya ba ta ƙarya, yanzu sai ya fara duba sama da bango kafin ya kanne ido. Gwangwanin yana tsaye a tsakar gida, kuma babu abin da ya sake ture shi.